Maharazu Jagoran Kalahari

Duk wanda ya taɓa kai kaya ɗauri a lungunan kasuwar Murshid Bazaar ta Dubai ya san Maharazu da abu biyu, hannu da baki. Hannun dai babu mai kushe shi, don in ya naɗe kwali da leda ya bi shi da salatef, to zai isa Kano yadda ya bar Deira ko da jirgin ruwan ya kife a hanya. Bakin ne abin a yi masa addu'a. Ba a ambaton wani gari a duniya Maharazu bai ce ya taɓa kwana a can ba, amma a cikin ƙasashen da bakinsa ya ziyarta babu inda ya yi gida ya zauna kamar Namibiya.

Asalin abin ba wani mai nisa ba ne. Wata mata 'yar ƙasar ce ta kawo masa takalma ya ɗaure mata, tana jira ta nuna masa bidiyon giwaye da jan rairayi a wayarta. Da farko cewa yake yana da kwastoma a can. Daga baya ya zama ya taɓa leƙawa ziyara. Kafin mutane su ankara ya zama tsohon jagoran Turawa a hamadar Kalahari, mai gane sawun kowace dabba, mai shinshina iska ya faɗi inda ruwa yake. Hafiz, abokin ɗakinsa, ya sha ganin fasfonsa, ya kuma san in ka cire Kano da Dubai babu tambarin da ya saura a ciki. Amma bai taɓa tona shi ba, domin ƙaryar ba ta cin abincin kowa, kuma tana ƙara wa shayin yamma armashi.

Ana nan sai kamfanin kago, wato na aika kaya, da yake wa aiki ya rufe, bizarsa ta kama hanyar mutuwa. Wanda ya zauna a Dubai ya san abin da wannan ke nufi: ko ka sami wanda zai ɗauke ka aiki ya sabunta maka takarda, ko ka tattara komatsanka. Komawa gida kuwa ita ce abin da Maharazu ya fi tsoro a duniya, don mahaifiyarsa ta riga ta gama shaida wa duk matan Fagge cewa ɗanta manaja ne a ƙasar Larabawa. Ya rame, ya yi zuru-zuru, bakin ne kawai bai rame ba.

A daidai lokacin Hajiya Zaituna, mai ofishin tafiye-tafiye a Deira, tana shirin buɗe sabon layi. So take ta riƙa kai masu hali 'yan ƙalilan-ƙalilan kudancin Afirka kallon namun daji da hamada, da jagora Bahaushe wanda ya san lokacin salla, ya san abin da ake ci da wanda ba a ci. Aka ce mata ai ga gwani nan a bayan ofishinta yana zaman banza. Ta sa aka kira shi, ta saurare shi har ya gaji don kansa, sannan ta ce gani ya kori ji. Ya kai ta saharar nan ta hanyar Hatta ran Asabar, ita da baƙinta biyu, in ta ga aiki za ta yi masa biza a kamfaninta.

"Ranki ya daɗe, wannan ai ba sahara ba ce," in ji Maharazu. "A Kalahari irin wannan muke ba yara su yi wasan ƙasa."

Da suka koma ɗaki Hafiz ya roƙe shi don Allah ya ɗauki direba cikin masu wannan sana'a, shi ya zauna a gefe ya yi ta zuba, tun da nan ya fi ƙwarewa. Maharazu ya ce jagoran da aka tuƙa ai fasinja ne. Ya shiga kasuwa ya sayo riga da wando ruwan ƙasa masu aljihuna tun daga ƙirji har ƙwauri, da malafa mai igiya, da tabarau mai hangen nesa. Sannan ya zauna haɗa guzuri: ruwan gora, kilishi, dabino, tabarma, igiya, shebur, wuƙa. Sabo kuwa turken wawa. Hannunsa bai san wata hanyar haɗa kaya ba sai ta kago, don haka ya zuba komai a ƙaton kwali ɗaya, ya naɗe da leda, ya yi ta zagaya shi da salatef har ya koma sulɓi yana ƙyalli, ya ɗaure da igiyar roba, ya ja baya yana kallon abinsa cikin jin daɗi.

Ran Asabar da hantsi suka ɗauki hanya a jif ɗin Alhaji Muhyiddeen, dillalin atamfa daga Kantin Kwari, mutum mai jiki da saurin yarda, wanda ya ba da aron motar da sharaɗin a tafi da shi. Hajiya Zaituna tana baya da ƙawarta Hajiya Murjanatu, mai sarin gwal, wadda ba a taɓa jin ta yaba wa ko da ruwan sanyi ba. Hafiz ya lafe a can ƙarshe kusa da kwalin, ya ce shi ɗan rakiya ne, ko da yake a ransa ɗan jana'iza ya ɗauki kansa. Tun kafin su fita gari Maharazu ya fara karatu. Ya koya musu yadda ake tsayawa in karkanda ta taso, da dalilin da ya sa jimina ba ta son mai jar hula. Alhaji yana ta "ikon Allah," Hajiya Murjanatu tana tambaya ko motar ba ta da rediyo.

A bakin sahara akwai 'yan shaguna da gidan mai da masallaci, inda motocin masu yawon buɗe ido ke tsayawa kafin su shiga rairayi. Nan suka tarar da direbobi sun tsuguna gindin motocinsu, kowa yana sace iskar tayarsa, sai tsiii kake ji ta ko'ina. Haka ake yi, domin taya mai laushi ita ke shimfiɗuwa a kan yashi ba ta nutse ba. Maharazu bai san wannan ba, amma rashin sani bai taɓa hana shi bayani ba. Ya girgiza kai ya ce wannan duk burga ce ta yaudarar Turawa, don mota ta riƙa rangaji su ce sun sha wuya. Ya juya ga Alhaji ya tambaye shi, tsakani da Allah, in zai kama hanyar Kaduna da lodi, rage iska yake yi ko ƙarawa?

Alhaji ya ce ƙarawa mana, wane mahaukaci ne zai yi doguwar tafiya da taya lagwas. Ai shi ko Wudil za shi sai ya tsaya wajen mai faci.

Aka ja mota wajen famfon iska. Mai kula da wurin ya yi ta ɗaga hannu yana magana da wani yare, Maharazu ya fassara musu cewa yana mamakin ganin wanda ya san aiki ne. Ya ɗura wa kowace taya iska har ta yi tauri, ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana harbi da ƙafa kamar yadda direbobin tashar Unguwa Uku suke yi, ya ce yalla, bismilla.

Da farko ƙasar tana da ƙarfi, mota ta yi ta tafiya lafiya, kan Maharazu ya ƙara girma. Can ya taka birki, ya sauko da kowa, ya durƙusa gaban wani sawu. Ya auna da yatsa, ya ɗebi yashin ya shinshina, ya rage murya ya ce kura ce, namiji, kuma da yunwa ta wuce. Alhaji ya matsa kusa da ƙofar mota. Hajiya Murjanatu ta leƙa ta ce ita dai ta yi kiwo a Kurna kafin ta san gwal, kuma in wannan ba sawun akuya ba ne to a canza mata suna, ga ma kashinta nan a gaba. Maharazu ya ce ai wayon kurar hamada ke nan, bin sawun akuya take tana takawa don kada a gane ta.

Ba su yi nisa ba ya hango wani farin abu a gindin wata bishiya. Ya ɗora tabarau ya ce Allah ya kashe ya ba su, mariri ne, farin gwankin sahara, wanda Bature ke biyan dukiya don ya gani. Ya ce kowa ya yi shiru, shi zai matsa ya jawo hankalinsa da wani kuka da ya koya a wurin mafarautan Kalahari. Ya kwanta rub da ciki ya fara jan jiki, malafa a ƙeya, yana wani gurnani ta hanci. Ya kusa isa ke nan maririn ya juyo, ya ajiye kofin gahawa, ya ce, "Wa alaikumus salam." Wani dattijon Balarabe ne cikin farar jallabiya, ya fito shan iska. Ya yi musu tayin gahawa da dabino cikin mutunci, ya kalli tayoyinsu, ya buɗe baki zai yi magana, Maharazu ya yi maza ya ce shukran, suna sauri.

A mota babu wanda ya ce uffan sai Hajiya Murjanatu, da ta ce ita yau ta fara ganin naman dajin da ke amsa sallama. Hajiya Zaituna ba ta yi dariya ba, ba ta kuma yi magana ba. Shirun nan nata ya fi komai tayar wa Maharazu da hankali, don ya san bizarsa ce ake aunawa a cikinsa. Ya ƙudura a ransa sai ya yi abin da zai goge maganar mariri, ya karkata kan mota ya yi ta gewaya tuddai, hagu da dama, har ya hango wanda ya fi kowane tsayi, ya ce yanzu za su ga tuƙin Kalahari.

Motar ta hau rabi ta tsaya. Ya taka mai, tayoyin nan masu tauri suka fara haƙa. Ya ƙara takawa, suka ƙara haƙawa, yashi yana tashi sama yana zubo wa gilashi. Ya sa ribas, ta ƙara zama. Kafin ya haƙura motar ta kwanta da cikinta kamar kaza a kan ƙwai, har ƙofar Alhaji ba ta buɗuwa sai ta taga aka zaro shi, shi ma da ƙyar, Hafiz na ja Maharazu na turawa.

Maharazu ya kashe mota ya ce mafi mushkila, wato ba matsala da Larabci, abin da ya sa ya zo da shebur ke nan. Aka sauko da kwali. Nan fa aka gane cewa gwanin ɗauri ya yi ɗauri. Aka nemi bakin salatef aka rasa. Aka ce a kawo wuƙa, ya ce tana ciki. Aka ce to a sha ruwa tukuna a huce, ya ce shi ma yana ciki. Hafiz ya sa haƙori har dasashinsa ya yi jini, Alhaji ya hau kai ya yi tsalle, kwalin ko gezau. Hajiya Murjanatu ta ba da allurar mayafinta, ta lanƙwashe a karon farko.

"Malam Maharazu, wai Kano za a aika da ruwan nan ne?" in ji ta.

"Hajiya, ƙa'idar hamada ce. Kaya in ba su ɗauru ba yashi ke shiga."

"To ga shi yashi bai shiga ba, mu ma ba mu shiga ba."

Maharazu ya ce a kawo makullin mota a yanka da shi, aka duba jikin mota babu makulli. Aka tambayi juna, aka zazzage tabarmin ƙafa, aka shiga tonon yashi da hannu. Rana ta take tsaka, kuma ko da yake lokacin sanyi ne, ranar Dubai ba ta san wannan zance ba. Babu makulli, babu na'urar sanyi, babu ruwa. Alhaji ya zauna a inuwar motarsa yana kallon ta yana salati, yana tambayar kansa me ya kai shi.

Wani mai hankali da nan zai yi shiru. Maharazu kuwa sai ya hau kan kwalin ya yi musu huɗuba. Ya jiƙa yatsa ya ɗaga sama, ya shinshina gabas da yamma, ya ce a gaskiya sun yi nisa, babu ruwa ko ɗan Adam kusa sai an yi tafiyar yini. Ya ce kowa ya daina haɗiye yawu barkatai, a riƙa tsotsar tsakuwa, in rana ta faɗi zai bi taurari ya fitar da su, ya taɓa fitar da Jamusawa daga abin da ya fi wannan. Alhaji da ya ji zancen taurari sai idonsa ya kawo ruwa, ya kira Hafiz gefe ya fara ba shi saƙon da zai kai wa iyali in shi Allah bai yi ba. Hajiya Murjanatu ta ce in ta mutu a nan ba ta yafe ba, kuma a rubuta a ajiye.

Hajiya Zaituna dai ta shimfiɗa mayafi ta zauna tana latsa waya. Maharazu ya ce mata cikin ladabi ta adana caji, nan ba inda waya ke aiki ba ne. Ta ce to.

Yana cikin nuna musu yadda ake haƙa rami a binne jiki don maganin ƙishirwa, har ya binne kansa zuwa ƙugu, sai ga wani mutum ya ɓullo daga saman tudun, da hular kwano a kai da jakar kai abinci a baya. Ya gangaro yana duba waya, ya ce, "Madam Zaituna?" Ya sauke robobin biriyani da shayin karak da ruwa mai sanyi, ya ce babur ɗinsa na nan bayan tudu, a yi haƙuri da jinkiri. Nan take sai kiran sallar azahar ya taso, tas, kamar a kunne.

Hafiz ya haura tudun ya leƙa. Ga kwalta, ga gidan mai, ga famfon da suka sha iska ɗazu. Duk gewayen da Maharazu ya yi, zagaye ya yi ya dawo da su bayan masallaci.

Da abin ya tsaya nan da da sauƙi. Amma Asabar ce, kuma wata bas cike da 'yan kasuwar Murshid Bazaar masu zuwa shan iska dam ɗin Hatta ta tsaya salla a wurin. Wani ya hango Hafiz a kan tudu ya gane shi. Kafin Maharazu ya gama zaro ƙafafunsa daga rami, mutanen da suka shekara suna shan labarin Kalahari da shayi sun jeru a saman tudun, kowa da waya a hannu. Wani ya tambaya ko wannan ce binnewar da ake yi wa jagora in ya yi ritaya. Wani ya ce a'a, kwanton ɓauna yake wa kura. Direbobin sahara biyu suka gangaro, suka tsuguna suka sace iskar tayoyin, suka nemi makulli. Maharazu ya daki ƙirji zai rantse cewa yashi ya haɗiye shi, sai aka ji ƙaras a ƙarƙashin hannunsa. Yana cikin ɗaya daga aljihunan.

Aka fitar da mota cikin abin da bai kai shan kofin shayi ba. Dariya kuwa har da masu riƙe ciki, Alhaji ma da ya gama wasiyya yanzu ya fi kowa ƙyaƙyatawa. Maharazu ya tsaya da yashi har cikin kunne, ya ji duniya ta yi masa ƙunci. Ba dariyar ce ta dame shi ba, ya saba. Fuskar mahaifiyarsa ya gani, ranar da zai sauka a Fagge da jaka ɗaya.

Hajiya Zaituna ta gama cin abincinta, ta wanke hannu, ta kira shi. Ba ta ɗaga murya ba, amma wurin ya yi tsit. Ta ce maganar jagora dai khalas, ta ƙare, ko gidan zu ba za ta ba shi baƙi ya kai ba. Sai dai ta san halin da yake ciki, ita ma uwa ce, kuma tana neman wanda zai riƙa taro mata baƙi a filin jirgi. Za ta yi masa biza. Abu ɗaya take so, tun da amana ce sana'arta: ya juya ya gaya wa mutanen nan gaskiya da bakinsa, daga nan kuma a rufe babin.

Hafiz ya matso ya raɗa masa cewa don girman Allah ya faɗa ya yi shiru, kalma kaɗan ce. Maharazu ya cire malafa. Ya kalli ƙasa, ya ce da wata murya da ba a san shi da ita ba, "Jama'a, ku gafarce ni. Ni ban taɓa zuwa Namibiya ba."

Babu wanda ya yi dariya. Hajiya ta gyaɗa kai, Alhaji ya ce alhamdu lillahi. Har an fara juyawa za a tafi salla, sai wani tsoho a cikin 'yan bas ɗin, baƙo ne da ya zo ganin ɗansa, bai san kowa ba, ya dafa kafaɗar Maharazu cikin tausayi na gaskiya.

"Allah sarki, yaro. Ashe ko dajin ma ba ka taɓa gani ba. Ba komai, Allah zai kai ka wata rana."

Dariya Maharazu yana iya ɗauka, zagi ma haka. Tausayi ne bai taɓa iyawa ba. Hafiz ya ga zai buɗe baki, ya kai hannu zai toshe, amma ya makara.

"A'a Baba, Namibiya na ce. Botswana kuwa, zauna in ba ka labari."

Hajiya Zaituna ta ɗauki jakarta, ta karɓi makulli ta miƙa wa Alhaji, ta ce Allah ya kiyaye hanya, Malam Maharazu, a gaida mutanen Fagge.